Bakan Gizo a Gilashin Mai Tsumma

A garejin kamfanin katifa babu mai kiran direban babbar bas da sunan da iyayensa suka sa masa. Mai Tsumma ake ce masa, yana kuwa amsawa da fara'a, don ya san inda ya samo sunan. Akwai wani farin ƙyalle da ba ya barin kafaɗarsa. Kafin ya tayar da mota sai ya goge gilashin gaba ciki da waje. In danja ta tsayar da shi, ya miƙa hannu ya ƙara gogewa. In ya sauke ma'aikata, ya sauko ya bi madubai ɗaya bayan ɗaya. Masu wankin mota sun daɗe da sallama masa. Za su wanke, su ɗauraye, su tsane, shi kuma ya zo ya karkatar da kai ya gano wani ɗan ɗigo a can kusurwa, ya kalle su, ya kalli ɗigon, ya wuce bai ce uffan ba. Sun sha cewa gara ya zage su.

Aikinsa ba mai sarƙaƙiya ba ne. Da safe ya bi unguwanni ya kwaso ma'aikata ya kai su bakin ƙofar kamfani, da yamma ya mayar da kowa inda ya ɗauko shi. Mutanen da ke yi wa duniya katifa su ne barci bai taɓa isarsu ba, saboda haka a motarsa suke ramawa. Kafin a bar unguwa ta biyu rabin motar ta yi tsit, kawuna sun jingina da tagogi, wani har da minshari. Shi kuwa babu abin da ke faranta masa rai irin minsharin nan. Yakan ce wa matarsa, "Maman yara, da ba su yarda da hannuna ba, ai da ba su rufe ido ba." Domin masu barcin nan yake taka birki tun daga nesa, domin su ya haddace kowane rami da ke kan hanya.

Ya fara ne a bayan motar kaya, yana ɗaure tamfol, yana zuba wa lagireto ruwa, yana satar kallon ƙafar maigidansa don ya ga yadda ake canja giya. Daga nan ya samu ƙaramar mota, daga ƙaramar mota ya dawo kamfanin katifa. Yana da baƙin gashi ya karɓi makullin babbar bas, ga shi yanzu furfura ta cinye kan, har sai ya sa tabarau yake iya duba lambar waya. Da sitiyarin nan ya yi aure, da shi ya gina ɗakuna uku da tsakar gida, da shi babbar 'yarsa ta zama malamar makaranta, na biyu ya koyi gyaran wuta, auta kuma yana nan yana karatu.

Amma in ka tambaye shi abin da ya tara a duniya, ba ɗakunan zai nuna maka ba. Zai gyara zama ya ce bai taɓa buge mutum ba. Bai taɓa taka ƙafar mai sauka ba, bai taɓa ture mai keke ba, ko kazar wani ba ta taɓa mutuwa a ƙarƙashin tayarsa ba. Bai kuma taɓa aikowa da safe cewa ba shi da lafiya a nemi wani ba. Matarsa ta ji wannan jawabin har ta haddace, in ya ɗauko shi a gaban baƙi takan riga shi kai ƙarshe a zuciyarta. Fariya ce, babu shakka. Sai dai fariya ce da duk garejin aka rasa mai ƙaryata ta.

Mutum ɗaya ne ke iya taɓa shi ya kwana lafiya, wato bakaniken garejin, wanda ake kira Sifana. Tare suka tsufa, ɗaya a saman mota ɗaya a ƙarƙashinta. Sifana kan leƙo daga ƙasan mota, fuska duk baƙin mai, ya ce, "Mai Tsumma, kai ranar da ka mutu sai ka tashi ka goge makara kafin ka yarda a sa ka."

"Ni dai za a same ni da tsabta," in ji Mai Tsumma. "Kai kuwa sai an yi maka wanka da kananzir."

Haka suke, har shekarar da wata muguwar mura ta shigo gari. Ta fara da ɗakin yanka soso, ta bi ta ɗakin ɗinki, kafin a ankara duk motar tari ake yi da atishawa. Sanyi ya sa kowa ya rufe tagarsa, numfashin mutum hamsin yana yawo a wuri ɗaya safe da yamma. Mai Tsumma ya yi ta alfahari cewa shi mura tana jin kunyarsa, sai ga shi wata safiya ya tashi da maƙogwaro kamar an kankare, hanci na zuba, jiki zafi rau.

Direbobi suna da tasu hanyar jinya, kuma asibiti ba ya cikinta. Asibiti na nufin layi, layi na nufin wani ya hau kujerarka ya gyara madubinka yadda ya ga dama. Abin da ake yi shi ne a tsaya a kemis ɗin bakin ƙofa a ce a ba da mai busar da hanci wanda ba ya sa barci, na rana ke nan, a haɗa da na ruwa mai sa barci, na dare. Tsakanin jigilar safe da ta yamma kuma a shige da mota cikin rumfa, a ja labulayen tagogi, a kwanta rub da ciki a kujerar baya a lulluɓe kai har zufa ta karyo. Haka Mai Tsumma ya ga magabatansa suna yi, haka ya yi, bai rage komai ba. Don ya nuna wa murar shi ba sa'anta ba ne, har ƙari yake yi a kan abin da mai kemis ya ce ya sha.

Hanci ya bushe kuwa. Sai dai wata yamma, magariba ta kawo kai, an kunna fitilun titi, ya ga kowace fitila ta yi rawani. Zobe ne mai launi-launi, ja a waje, shuɗi a ciki, bakan gizo sosai, a jikin fitilun titi da na motocin da ke tahowa. Gefen kansa na dama yana ɗan sara. Wani mutum da zai ga haka zai murza ido. Mai Tsumma tsummansa ya jawo. Ya goge, bakan gizo yana nan. Ya hura wa gilashin iska ya sake gogewa, yana nan. Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin a ganinsa an ci amanarsa.

Washegari masu wankin mota suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Mai Tsumma ya yi magana. Ya ce sabulun da suka canja mai maiƙo ne, ya bar wa gilashinsa yana. Suka rantse sabulun jiya shi ne na shekaranjiya. Ya karɓi bokiti ya wanke da kansa da ruwan ɗumi, ya bi da tsohuwar jarida har gilashin yana ƙara. Da rana ta fito ya duba, tas, babu komai. Ya kalle su da kallon wanda ya yi nasara. Da magariba bakan gizo ya dawo.

Sai laifi ya koma kan waifa mai share gilashi. Ya tsare Sifana ya ce robar ta tsufa, tana shafa datti maimakon ta share.

"Robar nan ko wata ba ta yi ba," in ji Sifana.

"To jabu aka kawo maka. Canja."

Sifana ya canja yana gunaguni. A gida ma, da Mai Tsumma ya ɗaga kai ya ga ƙwan fitilar tsakar gida da nasa zoben, sai ya ce wa matarsa ƙwan nan ya yi ƙura, a samu lokaci a goge shi. Ta kalli ƙwan, ta kalle shi, ta ce to. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon duniya ta bayan gilashi, in duniya ta dusashe, gilashi zai tuhuma. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa ya rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan ba.

Ranar da abin ya fashe, motar cike take, an taso daga aiki, an hau doguwar hanyar da ta ratsa kasuwa. Ciwon ya zo ba sallama. Ji ya yi kamar an kafa masa ƙusa a idon dama ana bugawa har ƙeya. Zuciyarsa ta tashi. Fitilu suka narke suka zama hazo mai launi, madubin ɓangaren ƙofa, wanda yake duba masu tafiya a gefen titi da shi, ya ɓace gaba ɗaya. Yana cikin laluben tsumma sai ga wata mata da tire a ka ta bayyana a gaban kusurwar motar, kamar daga ƙasa ta tsiro. Ƙafarsa ta riga tunaninsa. Motar ta yi wata irin tsayuwa da ba ta taɓa yi a hannunsa ba, masu barci suka gwaru da kujerun gabansu. Matar ta tsallake, ta waiwayo ta faɗi abin da ta faɗa, ta yi gaba da tirenta.

Ya lallaɓa ya gangara gefe, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Sannan ya miƙe, ya dafa ƙarfen bayan kujerarsa, ya fuskanci mutanen da ya yi shekaru yana kaiwa gida.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Yau ba zan iya kai ku ba."

Ba a taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Wani daga baya ya ce, "Baba, ai an kusa. Ka ja mu a hankali mana, mun san hannunka."

"Hannun yana nan," in ji shi. "Hanyar ce ba na gani."

Ya kira gareji aka turo wani direba. Kafin ya iso, Mai Tsumma ya tsuguna a bakin kwata ya yi ta amai, wata mai ɗinkin katifa tana zuba masa ruwa a hannu. Sun so su wuce da shi asibiti, ya ƙi. Ya ce murar ce ta hau masa kai, in ya kwanta zai ware. Wanda ya san ya tsayar da mota don ran mutane, shi ne bai san ya tsaya don idonsa ba.

Matarsa ta yi masa duk abin da mai ƙauna ke yi wa mai ciwon kai. Ta rufe taga, ta saki labule, ta kashe fitila, ta hana jikoki shiga. Ta ba shi maganin murar, na rana da na dare. Da ta ga idon ya yi ja, sai ta tuna maƙwabta ma 'ya'yansu sun yi jan ido da wannan murar, ta aika kemis aka kawo na ɗigawa. Ya wuni a ɗakin nan mai duhu yana juyi, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Da ta ce a tafi asibiti, ya ce ta bari gobe. Ta zauna a bakin gado tana riƙe da hannunsa, tsoro ya cika ta, amma ba ta saba yi masa gardama a kan jikinsa ba.

Da hantsin washegari Sifana ya yi sallama. Ya wanko hannu har gwiwa, abin da ba ya yi sai zai je gidan mutunci. Bai zauna ba ya ce, "Mai Tsumma, jiya da magariba na fita da motarka da kaina. Na bi hanyar kasuwa, na kalli kowace fitila. Gilashin nan ko na shagon gwal bai kai shi haske ba."

"To me nake gani?"

"Shi na zo dubawa. Maman yara, ɗaga mana labulen nan."

Haske ya shigo. Sifana ya sunkuya ya dubi idon. Ya yi ja wur, saman baƙin ya yi dishi-dishi kamar fitilar motar da ruwa ya shiga, ɗan baƙin tsakiyar kuma ya buɗe ya tsaya, haske bai sa ya motsa ba.

"Rufe na hagu," in ji Sifana. "Yatsu nawa na ɗaga?"

Mai Tsumma ya rufe. Sannan a hankali ya ce, "Ina hannun yake?"

Matarsa ba ta jira jin ra'ayin kowa ba. Ta ɗauko masa riga da hula, ta ce, "Baban yara, tashi." A karo na farko tun aurensu ya tashi ba gardama.

Likitar ido mace ce, ba ta kai babbar 'yarsa shekaru ba. Da farko ya yi mata kallon yarinya. Amma ko cikin wannan azabar ya lura cewa kafin ta kai ɗan gilashin awonta kusa da idonsa sai da ta goge shi da kyau, ta ɗaga shi a haske, ta sake gogewa. Nan take ya miƙa mata wuya. Ta sa ya rufe ido, ta dafa saman fatar da yatsu biyu, na hagu da taushi, na dama kamar dutse. Ta auna da na'ura, ta kira ma'aikaciyar jinya, daga nan kuma ba a ƙara wata doguwar magana ba. Aka kwantar da shi rigingine, aka yi ta ɗiga magunguna, aka ba shi ƙwaya, aka sa masa ƙarin ruwa. Kafin la'asar ƙusar da ke kansa ta fara zarewa.

Sai da ya dawo hayyacinsa ta zauna ta yi musu bayani, shi da matarsa da Sifana da ya ƙi tafiya. Ta ce mutane na kiran ciwon hawan jinin ido, amma ba jini ba ne, ruwa ne. Ido yana yin ruwa a cikinsa kullum, ruwan yana fita ta wata 'yar magudana da ke gefen baƙin ido. Shi an halicce shi da magudana mai ƙunci, irin idon da yawanci ke neman tabarau na karatu da wuri. In ɗan baƙin tsakiya ya buɗe sosai, sai ya tattaro ya toshe ta, ruwa ya taru, ido ya yi tauri, ya danne jijiyar gani. Bakan gizon da yake gani da magariba gargaɗi ne, magudanar ce ke rufewa tana buɗewa kafin ta rufe gaba ɗaya.

"To, likita, murar ce ta jawo min?"

"Ba zan rantse maka ba, Baba," in ji ta. "Abin da muka sani, wasu magungunan mura, masu busar da hanci da masu sa barci, suna buɗe baƙin tsakiyar ido. Duhu ma yana buɗe shi, kwanciya rub da ciki kuma ba ta taimaka. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne, amma ga mai ido irin naka yana iya zama abin da ya tura ƙofar ta rufe. Ita ƙwayar cutar murar kanta, akwai masu zaton tana iya kumbura cikin ido ta ƙara matse wurin. Ana nan ana bincike, ba a gama tabbatarwa ba."

Matarsa ta sunkuyar da kai. "Ni na rufe masa ɗaki. Ni na yi ta ba shi maganin."

"Mama, kin yi abin da kowa zai yi wa mai ciwon kai. Kuma ke kika kawo shi." Likitar ta ƙara da cewa a gaya wa 'yan'uwansa da 'ya'yansa su zo a duba nasu, domin irin wannan ƙirar ido tana bin dangi.

Da idon ya lafa aka zaunar da shi gaban wata na'ura mai harba haske, aka huda wata 'yar ƙofa da ido ba ya gani a cikin baƙin idon, don ruwa ya samu hanya. Aka yi wa na hagu ma, tun bai kai ga nasa ba. Sifana ya ce wannan ai shi ne gyaran da ya fi yarda da shi, a canja taya biyu tare.

Makonni suka wuce. Jan ya washe, hazon ya ragu, har yana iya gane fuskar matarsa da idon dama in ta tsaya a gabansa sosai. Ya fara tsayawa a ƙofar gida yana karanta lambar motocin da ke wucewa tun daga nesa, yana kiran maƙwabta su shaida. Sai aka kira shi wani gwajin. Aka sa ya kafa ido a tsakiyar wani farin kwano, aka ba shi maɓalli, duk sanda ya ga ɗan haske ya ƙyalla a gefe ya danna. Da idon hagu ya yi ta dannawa har yana murmushi. Da na dama ya yi ta jira, yana zaton na'urar ce ta lalace.

Likitar ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce na hagu lafiya lau, kuma da yardar Allah za a tsare shi. Na dama ya tsira da ɗan gani a tsakiya, amma gefensa ya tafi, kuma abin da jijiya ta rasa ba ya dawowa. Zai yi tafiyarsa, zai yi karatunsa, zai ga jikokinsa. Babbar mota cike da mutane kuwa, da magariba, a hanyar kasuwa, ita ba za ta ba shi shawarar ya koma ba.

Bai yarda ba. Ya fito yana cewa yarinyar nan ta iya aikinta, amma ba ta san tuƙi ba, shi da zai iya kai motar nan kamfani ko da ido a rufe. Manajan sufuri ma ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya zo har gida ya ce ma'aikata sun dame shi, sabon direban birkinsa kamar harbin jaki, ba mai iya runtsawa.

"Baba, kujerarka tana nan. Ga idonka garau, wa zai ce wani abu ya same shi? Ba wanda zai tambaye ka komai. Ka zo ranar Litinin."

Ya so abin, kada a yi ƙarya. Ya so shi kamar yadda mai ƙishi ke son ruwa. Tun da ya kwanta ciwo bai san inda zai sa hannuwansa ba, da asuba yakan farka ya zauna a bakin gado ba shi da inda za shi. Ga auta bai gama makaranta ba. Ya ce wa manaja ya ji, zai zo.

Ranar hutu da la'asar ya ce wa matarsa ta shirya ta raka shi gareji. Ba kowa sai maigadi da Sifana, wanda ba shi da wani gidan da ya wuce nan. Motar tana tsaye a fili. Mai Tsumma ya hau, ya zauna, ya mayar da kujerar yadda take a da, ya kama sitiyari. Jikinsa duk ya saki don daɗi. Sannan ya buɗe ƙofar fasinja ya leƙo.

"Maman yara, ki je can bayan motar. Ki taho ta gefen nan a hankali, kamar mai zuwa hawa. Ni zan kalli gaba yadda nake yi in ina tuƙi. Da na gan ki zan danna ham. Kada ki yi tari, kada ki ja takalmi."

Ta dube shi, ta gane abin da yake nufi, ta tafi.

Ya kafa ido a kan ƙofar garejin, tafin hannunsa a kan ham. A da, ko kyanwa ce ta gifta ta wannan gefen, wutsiyar idonsa za ta kama ta kafin ya san ya gani. Ya jira. Yana ganin bangon gaba, yana ganin tulin tsofaffin tayoyi a hagu, yana ganin Sifana tsaye can ya harɗe hannu yana kallon ƙasa. Ya ƙara jira. Ya fara jin haushi, mace in an ce ta yi abu sai ta tsaya gyaran mayafi.

"Ki taho mana," ya ce, bai juya ba.

Muryarta ta fito daga dab da shi, a hankali. "Baban yara, tun ɗazu nake tsaye a bakin ƙofa."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya. Ga ta nan, ƙafa ɗaya a kan matakala, daidai inda ma'aikata ke tsayawa in za su hau, daidai inda yaran unguwa ke rugowa su tari iyayensu in an sauke su. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

Ya ɗauke hannunsa daga kan ham. Sannan ya zare makullin, ya sauko, ya miƙa wa Sifana.

"Ka kai wa manaja. Ka ce na gode da karamci."

"Me zan ce masa in ya tambayi dalili?"

"Ka ce 'ya'yan mutane na ɗauka tun ina saurayi, kuma duk wanda na ɗauka na mayar wa uwarsa da ƙafafunsa. Ba zan zo da furfura in ɓata ba."

Sifana ya karɓa. Ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya rasa ta, ya juya yana share hanci da bayan hannu, wai murar ce ba ta gama sakinsa ba.

An yi direbobi da yawa a garejin nan, wasu an sallame su, wasu haɗari ya sauke su, wasu sai da aka ɓamɓare hannunsu daga sitiyari. Shi kaɗai ne ya sauko da ƙafarsa alhali ana roƙonsa ya zauna, kuma ya sauko babu jinin kowa a tayarsa. Zuciyarsa ta yi ciwo ranar, ciwo sosai, amma kansa a ɗage ya fita ta ƙofar garejin.

Da suka kai bakin babban titi, motoci na wucewa, matarsa da ke tafe a hagunsa ta ɗan ja baya, ta zagayo ta dawo damansa. Ya rage sauri har kafaɗarsu ta daidaita, suka tsallaka tare.